Ranki Ya Daɗe Daga Bayan Labule

Ɗan goggona ya zo Guangzhou shekarar da na cika sha huɗu. Baba ne ya aika aka kawo shi daga Kano don ya yi karatu, ranar Asabar kuma ya riƙa leƙa ofishin Baba na aika kaya yana koyon aiki. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin ƙannena maza. Ranar da ya iso ina falo ina ɓare tafarnuwa. Ya gaida Umma, ya ajiye jakarsa, sai ya juyo ya zube a gabana, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga, ya ce da ƙarfi, "Ranki ya daɗe, bawanki ya iso lafiya."

Na bar tafarnuwar na gudu kicin. Umma ta biyo ni tana dariya har da riƙe ciki.

"Ke dai an yi 'yar China," in ji ta. "Taubashinki ne fa. Ke 'yar namiji, shi ɗan mace, ke ce uwargijiya shi ne bawa. Ya tsokane ki, ki rama, babu mai shiga tsakani. Haka muka taso muka tarar."

Ina da shekara huɗu aka kawo ni garin nan, saboda haka yawancin al'adun gida a bakin Umma nake jin su. Wannan kuwa da ƙafarta ta zo, ta tare a ɗakin da ke kusa da nawa.

Ban taɓa ramawa ba, shi kuma bai taɓa gajiya ba. Da safe in na fito da kayan makaranta, "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?" A jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kai mu unguwar Tianhe inda makarantarmu take, in kujera ta samu, sai ya kakkaɓe ta da hannun riga ya ce, "Ga karaga, ranki ya daɗe." Kullum da yadda yake yi: girar hagu ta ɗaga, murya ta hau sama irin ta maroƙa, hannu a dunƙule. Ni dai in sunkuyar da kai in kalli takalmina. Amma ina jiran kalmar tun daga wanke baki. A makaranta ba kowa ya san muryata ba, a titi kuma na saba da ƙanƙantar da kaina saboda masu ɗaga waya su ɗauki hoton baƙar fata. A gida komai da ƙannena muke rabawa. Kalmar nan kaɗai ce ba a raba ta da kowa.

Shekara ta zagayo sai aka kawo wata yarinya ajinmu, 'yar Maraɗi. Mahaifinta babban ɗan kasuwa ne, yana sayen kayan yara a kasuwar Shahe yana aikawa Nijar. Doguwa ce, mai wushirya, tana maƙale hijabinta da wani fil mai siffar mazari. Turancinta a karye yake, ta cakuɗa shi da Faransanci, kuma ko a jikinta. In ta yi kuskure ita ke fara dariya. Mu uku ne kaɗai Hausawa a makarantar, ni da ita da ɗan goggona da shi ma ajinmu yake, don haka tun ranar farko ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Ke ce ƙawata, ko kina so ko ba ki so." Ina son ta. Da ban so ta ba da abin ya zo mini da sauƙi.

A zangon nan malamin adabi, wani dattijon Bature mai yawan atishawa, ya ce ajinmu zai yi wasan kwaikwayo. Tsohon wasa ne na ƙasarsu, labarin saurayi da budurwa masu ƙananan shekaru da suka ga juna suka ruɗe, suka yi ta yanke shawara cikin gaggawa ba tare da sanin manya ba, har abin ya kai su kabari. Ya ba ɗan goggona matsayin saurayin saboda muryarsa na kai wa ƙarshen zaure. Ya ba 'yar Maraɗi budurwar. Ni kuma ya miƙo mini littafin ya ce in zauna a bayan labule, duk wanda ya manta maganarsa in raɗa masa. Ya ce ya lura ba na tsallake ko waƙafi.

Su biyun suka gaya masa ba za su riƙe hannun juna ba. Ya yi atishawa, ya yi tunani, ya ce to a samo gyale, kowa ya riƙe baki ɗaya. Ranar Asabar Umma ta kai mu Shahe, ni da ƙawata. Kasuwar a cike take maƙil, 'yan dako na turo amalanken ƙarfe da dilolin kaya sun fi tsawonsu, suna ihu a ba su hanya. Ni tun daga nesa nake jin ƙarar taya in raɓe jikin bango. Ita sai amalanke ya kusa taɓa siket ɗinta take tsalle, ta bi ɗan dakon da dariya. Muka yi ta tambayar koren gyale, masu shago na kaɗa hannu suna cewa "meyo", wato babu, har ƙawata ta hango shi a wani lungu a hawa na sama. Ta ce da mai shagon "lawban", wato shugaba, cikin irin muryar da ta sa matar ta ƙara mata ƙyallen ɗaure gashi kyauta. Ni ce na riƙo ledar har gida.

Ana cikin gwaji sai malamin adabi ya gayyato malamar kimiyya ajinmu, wata 'yar China ƙarama mai takalmin gudu. Ta zo da ƙwaƙwalwar roba da ake buɗewa gida biyu. Ta nuna wani wuri can ciki ta ce nan ne mazaunin so da tsoro da ɗoki, kuma a shekarunmu ya riga ya farka sarai. Sannan ta ƙwanƙwasa goshinta da yatsa. Ta ce abin da ke bayan goshi shi ne mai cewa dakata, mai auna abin da zai biyo baya, kuma shi ne na ƙarshen nuna, sai mutum ya haura ashirin da 'yan kai. Ta ce shi ya sa matashi zai iya sanin abu na da haɗari, ya faɗa maka da bakinsa, amma in zuciya ta ɗau zafi, musamman a gaban tsaransa, sai ya afka. Nan take na tuna amalanken Shahe, kaya sun yi nauyi, gangara ta samu, mai riƙewa bai ƙarasa zuwa ba.

Malamin adabi ya tambaya, to ke nan masoyan cikin wasan suna da laifi ko ba su da shi? Ƙawata ta ɗaga hannu ta ce in da sun jira goshinsu ya nuna, wa zai zo kallonsu? Aji ya fashe da dariya. Ɗan goggona ya fi kowa, har da buga tebur.

Da yamma wajen cin abinci ƙanena ya sa ni na maimaita darasin. Baba ya saurara yana gutsurar tuwo, ya ce, "Su sai sun buɗe kan mutum kafin su gane ƙuruciya dangin hauka ce."

"Yaro man kaza," in ji Umma.

"Ka ji ko, Kawu," in ji ɗan goggona. "Ashe butar shayin da na ƙona ba laifina ba ne. Goshina ne ɗanye."

"Matso in nunar maka da shi," in ji Baba, ya ɗaga tafin hannu.

Ni kuwa darasin nan na ɗauke shi na ɓoye kamar wuƙa a cikin zani. Daga bayan labule akwai wata 'yar tsaga da nake hango dandamali ta cikinta. Ina ganin yadda ɗan goggona yake naɗe bakin gyalen a yatsansa kaɗan-kaɗan, gyalen na gajarcewa, har ya miƙe tsam tsakaninsu kamar igiyar shanya. Ina ganin yadda take gyara fil ɗin mazarin alhali bai goce ba. Sai in kalli goshinsu in ce a raina, ɗanyu ne, ba su san abin da suke yi ba, zai wuce. Nawa goshin kuwa na ɗauka ya daɗe da nuna. Ai ni ce mai jin amalanke tun daga nesa.

Wata Laraba ana gwada wurin da saurayin ya fara durƙusa wa budurwar, sai maganarsa ta ɓace masa. Aikina ke nan. Yatsana na kan layin, na buɗe baki zan raɗa, sai na ji ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ranki ya daɗe."

Bai dunƙule hannu ba. Girarsa ba ta motsa ba. Muryar ba ta maroƙa ba ce, wata ce da ban taɓa ji ba, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu.

"Mi ka ce?" in ji ta.

"Kin ji ai."

Ta sunkuyar da kai, ita da ba ta sunkuyar wa kowa. Malamin ya tambayi me ke faruwa. Ɗan goggona ya ce mantawa ya yi, ya juyo wajen labule ya ce, "Ina mai tunin ne?" Na karanta masa layin. Sai da malamin ya ce in ƙara ɗaga murya.

Washegari da safe ya tare ni a bakin ƙofa kamar kullum, gira a sama, "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?" Na wuce na sa takalmi. Kalmar ce dai, ba ta canja ba, amma na ji ta kamar rigar da aka ara wa wata ta je biki ta dawo da ita da ƙanshin turarenta.

Aka shiga hutun mako guda na ƙasa. Ranar Juma'a Baba ya kwashe mu duka zuwa masallacin Huaisheng, ni da Umma muka shiga ɓangaren mata. Bayan an idar muka tsaya a bakin ƙofa muna jiran maza, a ƙarƙashin tsohuwar hasumiyar nan mai santsi da babu ado ko ɗaya a jikinta. Titin Guangta ya cika da manyan riguna, Kanawa da 'yan Nijar ana ta gaisawa ana tambayar jirgin ruwa ya tashi ko bai tashi ba. Mahaifin ƙawata na tsaye cikin farar shadda, waya biyu a hannu ɗaya, Baba na kusa da shi.

Sai na ga ɗan goggona ya ratsa mutane. Ya tuɓe takalmansa a kan daɓen titi, ya ajiye su gefe a jere, ya tsuguna a gaban Alhajin. Wasu 'yan China masu wucewa suka ɗaga waya.

"Alhaji, barka da Juma'a. Izini nake nema in riƙa zuwa gaida 'yar wajenka."

Alhajin ya dube shi, ya dubi hagu da dama. "Ɗan wa ne wanga?"

Ya mayar da ido kan ɗan goggona.

"Ina ka san ta?"

"Ajinmu ɗaya. Tare muke wasan."

"Wane wasa?"

Ashe ita ta ce wa mahaifinta aikin makaranta ne na koyon Turanci. Ɗan goggona kuwa, da yake ya ɗauka gaskiya ce za ta fisshe shi, ya zayyana komai, har durƙuson, har gyalen. Alhajin ya sa wayoyinsa a aljihu a hankali ya juya wajen Baba.

"Alhaji, naka ne? A Kano haka ake yi yanzu, yaro shi aiko kansa?"

"Ka yi haƙuri," in ji Baba. "Ɗan ƙanwata ne. Ɗanyen kai ne."

Umma ta damƙe hannuna don kunya. Ni idona na kan takalman nan biyu da ke jere a gefen titi, ɗaya igiyarsa ta kwance. Na san ya jawo wa kansa, ya jawo mata, ya jawo wa Baba. Na san wauta ce, an ma nuna mana inda take fitowa a ƙwaƙwalwar roba. Duk da haka abin da ke cina a tsaye a wurin shi ne, an tuɓe takalmi a tsakiyar Guangzhou saboda wata.

Muka shiga mota, muka hau gada. Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yaushe ka yanke wannan shawarar?"

"A raka'a ta biyu, Kawu. Na hango shi a sahun gabana."

Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Baba ya ce innalillahi.

Sai da Baba ya ɗauki dattawa biyu da kwalin dabino suka je ba da haƙuri. Alhajin ya haƙura, amma ya cire 'yarsa daga wasan, kuma daga ranar wanta ke zuwa ɗaukarta da zarar an tashi. Da aka koma makaranta malamin adabi ya tsaya a gaban aji da hankici a hannu ya ce lokaci ya ƙure, in babu wadda ta haddace maganganun budurwar, sai dai a fasa.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ni da ko sunana aka kira sai gabana ya faɗi. Sai da na ga aji duka ya juyo sannan na gane hannun da ke sama nawa ne, kuma babu halin sauke shi. Ban tuna da zaure cike da iyaye ba, ban tuna da Baba ba. Gyalen kawai na gani, da bakinsa ɗaya babu mai riƙewa.

Duk hanyar gida ina shirya yadda zan roƙi Baba. Na tabbata zai hana, bayan abin da ya faru. Can ƙasan raina ma so nake ya hana, ya ɗaure fuska ya ce ba zai yarda a haɗa ni da yaron nan ba, kamar yadda aka ɗaure fuska saboda ita. Na same shi a falo yana duba hotunan kaya a waya. Na durƙusa na faɗa masa.

"Da wa za ki yi?"

"Da shi."

Baba ya kwashe da dariya. "Ai ke da shi wasa gadonku ne. Da tun farko ke aka sa, da ban je ina ba mutane haƙuri da furfurata ba. Je ki yi, Allah ya ba da sa'a."

Ya koma kan wayarsa. Umma na bakin kicin da ludayi. Ta dube ni, ta ɗan jima tana dubana, sannan ta ce, "Kawo rigar wasan in rage mata tsawo. Waccan ta fi ki tsayi."

Ana gobe wasa ƙawata ta ja ni wajen famfon wanke hannu. Idonta ya faɗa, amma wushiryar na nan. Ta zare fil ɗin mazarin daga hijabinta ta maƙala mini.

"Ki sa wanga. Wurin mutuwa in kin hwaɗi, hijabin na zamewa. Ni na sani."

Na so a ce ta harare ni ko ta yi mini habaici, in samu abin riƙewa. Na ce na gode.

Da rana aka yi wasan, zaure ya cika. Ban manta ko kalma ɗaya ba, kuma an ce muryata ta kai baya. Shi ma bai manta ba. Ya durƙusa inda ake durƙusawa, ya faɗi abin da aka rubuta da Turanci tsaf. Amma duk tsawon wasan bai dubi idona ba, mazarin da ke ƙarƙashin haɓata yake yi wa magana. Gyalen kuma da 'yan yatsu biyu ya riƙe shi, ya saki, tsakiyarsa na jan ƙasa. Sau ɗaya na ɗan naɗe nawa bakin a yatsa na ja. Ya matso da hannunsa don kada ya miƙe, cikin ladabi, kamar mai ba babba hanya. Da muka mutu na kwanta a kan katako ina jin tafi, hijabina bai zame ba.

A jirgin komawa gida mutane sun yi yawa. Su Baba na can gaba da ƙannena. Wata tsohuwa ta sauka, kujera ta samu. Tun ranar masallaci ɗan goggona bai tsokani kowa ba, ko abinci a ɗaki yake ci. Sai na ga ya kakkaɓe kujerar da hannun riga, girar hagu ta ɗaga, hannu ya dunƙule.

"Ranki ya daɗe, ashe da murya aka ɓoye mana? Ga karaga."

Ga kalmar nan ta dawo, da ƙarfinta, yadda na san ta, a gaban kowa. Babu wanda zai je ba da haƙuri saboda ita. Na zauna, na gyara siket, na ji bakina ya buɗe.

"Tashi, bawa, ka riƙe mini jaka. Kuma gobe ka wanke gyalen nan, ka bar shi ya sha ƙasa."

Ya tsaya baki buɗe, sannan ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen jirgi, ya ƙwala wa Umma kira ta zo ta ji, yau uwargijiya ta yi magana. Umma ta waiwayo ta yi murmushi kaɗan, ba ta yi dariya ba.

Jirgin ya shiga rami, gilashin da ke gabana ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki da ɗan mazarin yana ƙyalli. Na kalli goshina. In maganar malamar kimiyya gaskiya ce, da sauran shekaru masu yawa kafin ya nuna, nawa da nasa da nata. Na zare fil ɗin na riƙe a tafin hannu har tasharmu. Ranar Litinin na mayar mata, ta maƙala abinta a gabana ba tare da ta duba madubi ba, ya zauna daidai.